Abin da na koya daga takardun kuɗin Sex Pistols

Mai nazarin harkar waƙa yakan fara sanin Sex Pistols, ƙungiyar mawaƙan punk ta Ingila, ta rigima: ashar ɗin da suka zuba a talabijin gaban mai gabatar da shiri Bill Grundy ranar 1 ga Disamba 1976, da soke musu yawancin wasannin wannan wata. Darasin da ya fi tsaya mini a rai yana wajen manajansu, Malcolm McLaren.

Samari huɗu ne 'yan Landan, babu wanda ya haura shekara 21, suka miƙa ragamarsu ga kamfaninsa, Glitterbest. EMI, kamfanin faifai, ta ɗauke su a Oktoba 1976 kan fam 40,000, ta sallame su a Janairu. A&M ta ɗauke su a Maris 1977, cikin mako guda ta rabu da su, aka tashi da fam 75,000. Kuɗin nan asusun Glitterbest suke faɗawa, masu waƙar kuma ana ba su ɗan albashin mako. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga baya aka narka dukiya mai yawa a fim ɗin da ke nuna McLaren ne ya ƙirƙiro komai, yaran 'yan amshin shata ne kawai.

Inda abin ke lalacewa shi ne, manajan da kora take kawo masa riba ba zai damu da ingancin kiɗa ba. A Fabrairu 1977 mai kaɗa musu bas, Glen Matlock, wanda ke da hannu a waƙoƙi 10 cikin 12 na kundinsu tilo, ya bar ƙungiyar, aka kawo Sid Vicious da bai iya gitar bas ba. Mai gitarsu Steve Jones ne ya kaɗa yawancin bas ɗin a situdiyo. Sai aka tura su jihohin kudancin ƙasar Amurka, garuruwa irin su Memphis da San Antonio, inda aka san za a yi faɗa. Suka watse bayan wasan San Francisco na 14 ga Janairu 1978, aka bar mawaƙinsu John Lydon can ba kuɗi a hannu. Shari'ar da ya shigar kan McLaren ba ta ƙare ba sai 1986, lokacin da suka karɓi haƙƙinsu da kusan fam miliyan ɗaya. Sid bai ga ranar ba, ya rasu tun 1979 yana ɗan shekara 21.

Don haka, ku mawaƙa, kuɗin somin-taɓi ya shiga asusun ƙungiya, manaja ya karɓi kasonsa daga can. Lauyan da zai duba yarjejeniya ya zama naku, kada ku ari nasa. Sunan ƙungiya da haƙƙin waƙa a rubuta mai su tun ranar farko.

Kada kuma a raina ƙaramin taro. 'Yan kallo ƙalilan ne a wasansu na Manchester ranar 4 ga Yuni 1976, amma a cikinsu akwai waɗanda suka kafa ƙungiyoyin Joy Division da The Smiths. 'Yan ƙungiyar Buzzcocks, da suka shirya wasan, sun ranci kimanin fam 500 suka buga faifansu na farko da kansu a Janairu 1977.