Abin da ɗakin duba fata ke koya wa mataimakin likita

Mataimakin likita, a tsarin da aka fara a Jami'ar Duke ta Amurka a 1965, wanda Gana ma take amfani da irinsa, yana duba mara lafiya ya rubuta magani a ƙarƙashin kulawar likita. A ɓangaren fata, abin da aikin ke fara koya masa tambaya ce guda: "Hajiya, me kika riga kika shafa?"

Da wuya mutum ya zo da ciwon yadda ya fito. Galibi an biya kemis an sayi man nan mai haɗi uku, wanda akwai sitiroyid, wato maganin rage kumburi, mai ƙarfi a ciki. Sitiroyid yana kashe ƙaiƙayi cikin kwana biyu, amma idan makero ne, fangas ɗin, wato ƙwayar cutar da ke haddasa shi, sai ya samu sake ya bazu, da'irar da ake gane shi da ita ta ɓace. Wanda ya yi gaggawa sai ya ce kirci ne, ya ƙara wani sitiroyid ɗin. Gyaran shi ne a dakatar da man, a kankare ɓawon fata daga bakin tabon da reza mai lamba 15, ba daga tsakiya ba, domin a gefen ne fangas yake da rai. A ɗiga wa ɓawon ruwan KOH na kashi 10, wani sinadari mai narkar da ɓawon fata don fangas ya fito fili, a jira kamar minti 15, sannan a duba a madubin likita. Kuma a yi tambaya kan man bilicin cikin ladabi, don ba kowa ke ɗaukarsa magani ba balle ya ambata.

Hotunan littattafan koyarwa ma suna ruɗarwa. Kumburin da ke yin ja a farar fata, a baƙar fata yakan fito ruwan ƙasa mai duhu ko shuɗi-shuɗi. Sai da hasken rana da taɓawa da hannu.

Makeron kai na yara ba ya jin man shafawa, domin cutar tana cikin saiwar gashi. Ana shan griseofulvin mako 6 zuwa 8, tare da abinci mai maiƙo ko madara don ya shiga jiki. Iyaye kan daina a mako na biyu da zarar sun ga sauƙi, sai ya dawo.

Ƙazuwa kuwa ciwon gida ce. A shafa permethrin na kashi 5 daga wuya har tafin ƙafa, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a bar shi awa 8 zuwa 14, a maimaita bayan kwana 7, kuma duk mutanen gidan rana ɗaya. Idan ba a gaya musu ƙaiƙayin zai iya kai mako huɗu bayan an warke ba, za su yi ta shafawa har fata ta ƙone.

"A shafa kaɗan" ba awo ba ne. Man da aka matso daga kan yatsan manuni zuwa gaɓar farko rabin giram ne, ya ishi faɗin tafin hannu biyu na babba.

Farin tabo kuma ba kullum ne kyasbi ba. A rufe wa mutum ido a shafa auduga a wurin. Idan bai ji ba, a yi zargin kuturta, a tura shi gaba a ranar. Haka ma gyambon da ya ƙi warkewa a fuska ko wuyan zabiya: wannan na likita ne, a yanki nama a kai gwaji.