Inda aikin birkin kekena ya kai, da ɗan kuɗin da ke hannu

'Yan'uwa masu koyon gyaran keke, ga inda na tsaya a aikin ƙara wa birkin kekena na hawan dutse ƙarfi. Keke ne mai sauƙin kuɗi, ya zo da birkin waya gaba da baya, faifai (farantin ƙarfen da birki ke damƙa) mai milimita 160 a kowace taya. A doguwar gangara sai na damƙe hannun birki da yatsu huɗu har ya kusa taɓa kan keken kafin ya tsaya, ga ƙara mai kashe kunne. Abin da na ware ba zai sayi birkin mai (wanda mai a cikin tiyo ke matsawa maimakon waya) na gaba da baya lokaci guda ba, don haka na jera aikin daga mafi arha zuwa mafi tsada, kuma ban wuce mataki ba sai na hau keken na ji abin da ya canza.

Na fara da abin da ba ya cin kuɗi. Na zare takalman birkin na duba kaurinsu. Shimano, kamfanin da ke ƙera kayan keke, ta ce a sauya su idan naman da ke gogar faifai ya ragu ƙasa da rabin milimita. Faifan ma yana da iyaka, kuma yawanci a jikinsa ake rubuta ta: na Shimano yana zuwa da kaurin milimita 1.8, in ya koma 1.5 ya gama aiki. Nawa faifan yana da sauran rai, amma takalman sun yi baƙi suna sheƙi. Idan sheƙin na zafi ne kawai, samfefa mai laushi tana cire shi. Idan kuwa man sarƙa ne ya fantsamo ya shiga jikinsu, kada ku wahalar da kanku, naman takalmi yana shan mai har ciki, sai dai sabo. Faifan na goge shi da sifirit na isopropyl da tsumma mai tsabta, tun daga nan kuma ba na taɓa inda takalmi ke bi da yatsa.

Saitin gidan birkin, wato ƙarfen da takalman ke zaune a ciki, shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne inda na ga masu koyo suna yawan tsallakewa. A birkin waya mai arha, takalmi ɗaya ne ke motsi. Na waje yana tura faifan, faifan ya ɗan lanƙwasa ya je ya taɓa na ciki da ke tsaye. To idan na cikin ya yi nisa, rabin ƙarfin hannunka yana ƙarewa ne wajen lanƙwasa ƙarfe. Na sassauta notuna biyun da ke riƙe gidan da alanki mai milimita 5, na matso da takalmin ciki har ya kusa shafar faifan, sannan na ɗaure notunan kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, don kada gidan ya karkace. Farar takarda a ƙasan keken tana taimaka wa ido ya ga tazarar.

Wani abu da ya kamata ku kula da shi a nan: in takalmi ya ci, kada a riƙa jan waya don cike gurbin. Jan waya yana ɗaga hannun da ke jikin gidan birki daga inda ya kamata ya fara tafiya, sai ya rage masa filin motsi, wata rana ka matse ya kai ƙarshe bai kama ba. Da sukurun takalmi ake cike gurbin. Wannan ne ma ya sa Avid BB7 ya yi suna a birkunan waya, domin kowane takalmi yana da nasa abin saiti.

Kuɗin farko da na kashe a waya da rigarta ya tafi. Rigar waya ta gama-gari ƙarfe ne a naɗe kamar sifirin, in ka matse birki sai ta ɗan matsu, hannun ya yi taushi. Akwai wadda wayoyin jikinta ke miƙe a tsaye an ɗaure su da saƙa, ba ta matsuwa, an yi ta don birki. Kada a ɗauki rigar wayar giya a madadinta don ta yi kama da ita, tana iya fashewa a ƙarƙashin matsin birki. Bayan yanka na goge bakin rigar ya kwanta daidai, na buɗe ramin da tsinken ƙarfe. Bambancin ya fi fitowa a birkin baya, saboda wayarsa ta fi tsawo.

Sai takalma. Iri biyu ne aka fi samu, na resin da na ƙarfe. Na resin ba su cika ƙara ba, suna kamawa tun suna sanyi, amma suna saurin ci cikin laka da ruwa, kuma ƙarfinsu yana raguwa in zafi ya yi yawa. Na ƙarfe sun fi jure zafi da laka, sai dai ƙara da cin faifai. Kafin ku zaɓa ku karanta jikin faifanku, domin faifai masu arha da yawa an rubuta musu cewa na resin kaɗai suke ɗauka, ƙarfensu bai kai taurin da zai jure ɗayan ba. Ni resin na ɗauka, na kamfanin da aka sani. Takalmin da ba a san maƙerinsa ba ba inda zan yi tsimi ba ne, domin in naman ya ɓalle daga farantinsa a gangara, babu sauran birki.

Sabon takalmi ba ya kamawa sai an horar da shi da faifan. A fili mai lebur nake ɗaukar gudu matsakaici, in matse birki ɗaya da ƙarfi har keken ya koma saurin mai tafiya a ƙasa, in saki kafin ya tsaya cak, in sake. Ana maimaitawa har a ji kamun ya ƙaru. Abin da ke faruwa shi ne takalmin yana shafa siririn kwanci na namansa a jikin faifan, wannan kwancin ne ke kamawa. Tsayawa cak da birki a matse yana tara shi wuri guda, daga nan karkarwa da ƙara ke farawa. A wannan matakin birkin ya riga ya zama wani abu dabam, yatsu biyu sun ishe ni.

Daga nan na koma kan tayar gaba ita kaɗai, kuma a ganina nan ne duk mai ƙaramin kuɗi ya kamata ya zuba abin da yake da shi. Lokacin birki nauyi yana komawa gaba, tayar gaba ta ƙara manne wa ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Ƙara wa baya ƙarfi ba ya haifar da komai sai jan taya. Na sayi faifai mai milimita 180. Lissafin a bayyane yake: daga tsakiyar taya zuwa bakin faifai ya tashi daga 80 zuwa 90, ƙarin ƙarfi kusan kashi 12 cikin 100 ke nan da matsi iri ɗaya, ga ƙarin ƙarfen da zai kwashe zafi. Yana buƙatar adafta da za ta ɗaga gidan birkin, da notuna masu tsawon da ya dace da ita. Ku duba abubuwa biyu tukuna: girman faifan da maƙerin fok ɗinku, wato ƙafafun da ke riƙe tayar gaba, ya yarda da shi, domin ba kowane fok mai arha ke ɗaukar 203 ba, da kuma yadda faifan ke ɗauruwa a tayarku, ko notuna shida ko Center Lock, wato zobe ɗaya da ke ɗaure shi a tsakiya. Nawa shida ne, da makulli mai kan tauraro, T25. Kibiyar da ke jikin faifan ta kalli inda taya ke juyawa, notunan kuma a ɗaure su ana tsallaka zuwa na kishiyar, ba a jere ba.

Na ƙarshe shi ne birkin mai, na gaba kawai, Shimano MT200. Yana zuwa da mansa a ciki, fistan biyu, ɗaya ta kowane gefe, suna tura takalman su matso faifan, kuma suna biyo takalmi da kansu yayin da yake ci. Gaskiyar magana, bayan duk gyaran da na yi wa na waya, ƙarin ƙarfin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ribarsa a laushin hannu take, da yadda nake iya auna kamun kaɗan-kaɗan a kan tsakuwa ba tare da tayar ta kulle ba, da kuma hutu daga saitin takalmi. Hannunsa dogo ne, sai na matsar da shi ciki a kan keken yadda yatsan manuni zai faɗa a ƙarshensa, inda ya fi ƙarfin ja.

Tiyon ya ɗan yi tsawo, na bar shi a haka na ɗaure shi a jikin fok. Yanke shi yana buƙatar sabon zoben tagulla da 'yar ƙusar da ke shiga bakin tiyo, ba a maimaita tsofaffin, kuma sau da yawa sai an fitar da iska bayan nan. In kun kai nan, ku san man da birkinku ke sha. Birkunan kamfanonin Shimano da Tektro da Magura man minaral suke amfani da shi, na Hope da Hayes da yawancin tsofaffin SRAM kuma na DOT, irin na birkin mota. Haɗa su yana lalata robobin ciki. Haka nan in an cire taya kada a matse hannun birki sai an sa abin da zai tsaya tsakanin takalman, in ba haka ba fistan za su fito su haɗe bakin.

Mai son sayen birkin mai na hannu ya duba bayan takalman da kewayen fistan, in akwai danshin mai ya ajiye shi, kuɗin gyaran zai cinye arhar.

Yanzu keken yana da birkin mai da faifai 180 a gaba, birkin waya da faifai 160 a baya. Hannayen biyu ba su yi kama ba, jansu ma ya ɗan bambanta, amma hannu ya saba. Abin da ya fito fili bayan gyaran shi ne tayar gaba: haƙoranta sun cinye, a ƙasa mai yashi tana fara zamewa tun birkin bai kai ƙarfinsa ba. Saboda haka kuɗin da zan tara nan gaba a taya zai tafi, sannan kayan fitar da iska don in rage tsawon tiyon. Birkin baya zai jira.