Kafin Ku Raɗa wa Dabarar Labari Suna: Shawara ga Masu Haɗa Kundi

Duk wanda ya daɗe yana karanta fanfik, wato labaran da masoya wani fim, littafi ko wasan bidiyo ke rubutawa da taurarin da wani ya ƙaga, zai fara ganin abubuwa suna maimaita kansu. Maƙiya biyu da gabarsu ke rikiɗewa ta zama ƙauna. Soyayyar ƙarya da aka shirya don a rufe bakin mutane, daga baya ta zama gaske. Jarumin da ya mutu a asalin labari, a dawo da shi don a gyara ƙarshen da bai yi wa masoya daɗi ba. Daga nan sha'awar tattara waɗannan dabaru a kundi ɗaya take tasowa. Mu da muka riga ku shiga wannan aiki mun sha rushe kundi muna sake ginawa, kuma kusan kullum dalilin guda ne: an raɗa suna kafin a san abin da ake raɗa wa.

Suna yana da daɗin ƙirƙira, shi ya sa ake gaggawarsa. Ɗauki "maƙiya sun zama masoya". Idan kun buɗe shafi da wannan suna kawai, ba za a jima ba sai ku tarar an cusa masa abubuwa iri uku. Akwai sojoji biyu na ɓangarorin da ke yaƙi da juna. Akwai ɗalibai biyu masu gasar zuwa na ɗaya a aji. Akwai kuma waɗanda tsokanar juna kawai suke yi tun babi na farko, kowa ya san inda za a ƙare. Waɗannan ba abu ɗaya ba ne, domin aikin da marubuci zai yi a na farko, na nuna yadda ake yafe cuta ta gaske, babu shi ko kaɗan a na uku. To ku fara da bayani mai jimla biyu ko uku. Jimlar farko ta faɗi abin da dole a samu: an cuci juna da gaske ko ana ɓangarori masu gaba, kuma an nuna sauyin zuciyar a cikin labarin, ba a bayan fage ba. Ta biyu ta faɗi abin da ba ya shiga, tare da sunan maƙwabciyar dabarar da za a tura shi. Hanyar gwada bayani mai sauƙi ce. Ku ba mutum biyu bayanin ba tare da sunan ba, ku ba su labarai goma, kowa ya ware nasa. Idan sun saɓa a fiye da biyu, bayanin ne ke da rauni, ba masu karatun ba.

Sannan kowace dabara ta samu lamba wadda ba ta canzawa. Masana tatsuniya sun daɗe da gano amfanin haka. Antti Aarne, ɗan ƙasar Finland, ya fitar da kundin nau'o'in tatsuniya a 1910, Stith Thompson ya faɗaɗa shi a 1928 da 1961, Hans-Jörg Uther ya sake yi masa garambawul a 2004. Har yau idan aka ce 510A, masana a ko'ina sun san tatsuniyar Cinderella ake nufi da 'yan'uwanta. Suna zai tsufa, wani zai zama abin kunya, wani kuma sai masoyan fim ɗaya ne kaɗai ke gane shi. Idan da lamba kuka ɗaure misalanku, canza suna aikin minti ɗaya ne. Idan da suna kuka ɗaure su, sai kun bi layi ɗaya bayan ɗaya.

Ba duk abin da ke maimaituwa ne dabara ba. Shafin intanet na TV Tropes, mai tattara dabarun labari, wanda aka kafa a 2004, yana da ƙa'ida a kan haka: mutane suna zama a kan kujera a dubban labarai, amma zaman ba ya isar da komai. Taurari suna shan shayi, ana ruwan sama, wani yana da ƙanwa. Tambayar da za ku yi ita ce, in an cire abin, me labarin ya rasa, kuma me mai karatu ke sa ran zai biyo baya da zarar ya gan shi? Ɗakin masauki mai gado ɗaya tak dabara ce, saboda da ganinsa mai karatu ya san an tilasta wa mutum biyu kusanci ne. Gado haka kawai kayan ɗaki ne. Kafin ku buɗe sabon shafi, ku nemi aƙalla misali uku daga marubuta uku da ba su kwaikwayi juna ba, kuma zai fi kyau su fito daga masoyan ayyuka biyu mabambanta. Abin da ya bayyana sau biyar a hannun mutum ɗaya ɗabi'ar alƙalaminsa ce.

Ku guji sunan da ke ɗauke da hukunci. "Mary Sue" ya samo asali ne daga wani ɗan gajeren labarin shaguɓe da Paula Smith ta rubuta a 1973 a wata mujallar masoyan shirin talabijin na Star Trek, tana zolayar jarumar da ta fi kowa iya komai, kowa kuma ke sonta. Da tafiya ta yi nisa, sunan ya zama sandar dukan duk wata jaruma mace mai ƙwazo da wani mai karatu bai so ba. Irin wannan shafi ba ya zaunuwa, kullum cikin gardama yake, domin ba abin da ke kan takarda ake aunawa ba, ra'ayi ne. Ku farfasa shi zuwa abubuwan da za a iya nunawa da yatsa: sabuwar tauraruwa da babu ita a asalin labari, tsofaffin taurari sun bar halinsu don su yabe ta, ba ta taɓa yin kuskuren da ya jawo mata asara ba. Kowanne ana iya cewa akwai ko babu. Ra'ayinku a kan kyau ko munin rubutu ya samu gurbinsa daban.

Yanzu ga inda aikin yake da nauyi, wato misalai. Layin da aka rubuta sunan labari kawai a ƙarƙashin dabara ba shi da amfani, domin bayan wata shida ku da kanku ba za ku tuna dalilin sa shi ba. Kowane misali ya zama layi guda a jadawali mai waɗannan gurabe: lambar dabara, sunan aikin, sunan alƙalamin marubuci, asalin aikin da aka ɗauko taurari daga ciki, babi ko shafi, jimla biyu da ke bayyana wa ya yi me, ranar da aka wallafa, ranar da kuka karanta, adireshin intanet, da ko labarin ya kammala. Ku ƙara gurbi na yadda aka yi amfani da dabarar: an bi ta kai tsaye, an ɗora mai karatu a kanta sannan aka kauce, an juya ta, ko an yi mata ba'a. Kada ku buɗe gurbin "ba a yi amfani da ita ba", in ba haka ba duk labaran duniya za su shiga. Gurbin kammalawa kuwa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda fanfik babi-babi ake sakinsa. Abin da kuka rubuta a matsayin soyayyar ƙarya da ta zama gaske a babi na 8 yana iya rushewa a babi na 20, ko marubucin ya ajiye alƙalami a babi na 9 har abada.

Akwai gurbi ɗaya da kundin fanfik ke buƙata wanda kundin sauran adabi bai damu da shi ba: me aka canza daga asalin labari? Rabin dabarun wannan fage ba su da ma'ana sai an gwada su da tushe. Mayar da mayaƙa ma'aikatan shagon shan kofi, raya wanda ya mutu, cike giɓin da ke tsakanin fage biyu, haɗa taurarin ayyuka biyu a duniya ɗaya, duk da tushe ake auna su. A nan ne ake yin kuskure mafi ban haushi. Masoya sukan yarda da wani abu a tsakaninsu, misali cewa wani tauraro yana tsoron duhu, a yi ta maimaitawa har sabon shiga ya ɗauka daga asali yake. Mai kundi da bai koma tushe ya duba ba sai ya rubuta shi a matsayin gaskiyar labari. Ku ware gida uku: abin da ke cikin asalin aikin, abin da masoya suka yi ittifaƙi a kai, da abin da marubuci ɗaya ya ƙaga. Idan ba ku karanta ko kallon tushen ba, ku sa alamar "ba a tantance ba", ku nemi wanda ya sani.

Laƙuban da marubuta ke liƙa wa ayyukansu taimako ne, amma tarko ne kuma. A Archive of Our Own, taskar da ƙungiyar Organization for Transformative Works ta buɗe wa jama'a a 2009, marubuci yana rubuta laƙabi yadda ya ga dama, sai masu aikin sa-kai su bi baya suna haɗa masu ma'ana ɗaya a ƙarƙashin laƙabi guda. Wannan tsari abin koyi ne: ku riƙe suna ɗaya na hukuma, sauran su zama masu nuni zuwa gare shi, kada ku goge su. Ku kuma lura da ƙananan alamomi. A can, karkatacciyar sanda tsakanin suna biyu tana nufin soyayya, alamar & kuma abota ko zumunci, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya ɓata lissafinsa tun daga tushe. Sai dai laƙabi iƙirarin marubuci ne kawai. Wani yana zuba laƙabi don jan masu karatu, har ta kai taskar ta ƙayyade 75 ga kowane aiki a 2021, wani kuma ba ya sa ko ɗaya don kada ya tona ƙarshen labarinsa. Don haka ƙirga laƙabi yana gaya muku abin da marubuta ke cewa ne, ba abin da suka rubuta ba. In kuna son sanin yawan dabara, kada ku ɗebi labaran da suka fi farin jini, domin su ne ma suka fi bin sanannun hanyoyi. Ku jera ayyukan bisa kwanan wata, ku ɗauki kowane na goma, ku karanta da kanku, ku kuma rubuta yadda kuka ɗiba.

Ayyukan nan suna ɓacewa. FanFiction.net, wanda aka buɗe a 1998, ya share labarai masu yawa a 2002 da 2012. Dandalin rubutu na LiveJournal ya rufe ɗaruruwan shafuka a 2007, GeoCities kuma, mai ba mutane wurin buɗe shafinsu na intanet, ya mutu a 2009 da taskokin masoya a cikinsa. Shi ya sa jimla biyun nan na bayani suke da daraja, su ne za su rage in adireshi ya mutu. Kuna iya ajiye kwafi don aikinku, amma kada ku sake wallafa abin da marubuci ya janye da kansa, kada ku fito da abin da aka kulle wa 'yan rajista kaɗai, kuma kada ku taɓa haɗa sunan alƙalami da sunan mutum na gaskiya ko da kun sani. Mafi yawansu ba kuɗi suke samu ba, wasu ma aikinsu ko zamansu da danginsu zai iya taɓuwa.

Wannan ɓacewa ita ce kuma dalilin da zai sa ku daina rubuta "wannan ne na farko". Mujallar masoya ta Spockanalia ta fito tun 1967, kasuwar Comiket ta mujallun zane na masoya a Tokyo ta fara a 1975, kuma tarin abin da aka buga a takarda a waɗancan shekaru bai taɓa hawa intanet ba. Ku rubuta "mafi daɗewa da muka samu", da shekararsa.

Zane da bidiyo suna da nasu ɗan bambanci. A zane mai shafuka, ku rubuta lambar shafi da ta akwatin hoton. A bidiyon da aka yanko fage-fage aka ɗora wa waƙa, ku rubuta minti da daƙiƙa, ku kuma faɗi daga wane kashi aka yanko, domin dabarar sau da yawa tana cikin jeri ne: kallon da tauraro ya yi wa maƙiyinsa a asali, sai a manna shi bayan fuskar wani daban ya zama kallon ƙauna. Wanda bai san inda aka yanko ba zai ɗauka haka fim ɗin yake.