Laraba: Babban ɗan da ya ƙi shiga gida

Yau dai ban yi nisa da karatu ba, Luka 15 ce ta riƙe ni tun da safe. Kowa ya san labarin ɗan da ya karɓi gadonsa ya tafi ya lalatar, tun muna Sande Sukul ake faɗa mana, amma ni yayansa ne ya tsaya min a rai, daga aya ta 25 zuwa 32. Mutumin nan fa bai taɓa barin gida ba, yana gona yana aiki, da ya dawo ya ji kiɗa da rawa sai ya kira bara ya tambaya me ake yi, ko uban bai nema ba. Da aka ce ƙanensa ne ya dawo sai ya fusata ya ƙi shiga, har uban ya fito yana lallashinsa. Kuma ka ji abin da ya fito daga bakinsa, lissafi ne zalla: shekaru kaza ina maka bauta, ban taɓa ƙin umarninka ba, ko ɗan akuya ba ka taɓa ba ni ba. Uban ya ce masa ɗana, ai kullum kana tare da ni, duk abin da nake da shi naka ne. Wato akuyar da yake ƙorafi a kai tasa ce tun da can, shi ne dai bai san uban nasa ba.

Wajen ƙarfe biyu wata ƙanwata a coci ta kira ni, muryarta duk ta yi sanyi. Ta yi rashin lafiya kwanakin baya, azumin da ta ɗauka ya katse, ba ta je taron addu'a ba, sannan manhajar Littafi Mai Tsarki da ke wayarta mai ƙirga mata ranakun da ta yi karatu a jere ta koma sifili. Sai ga shi aikin da ta nema ba a kira ta ba. Ta ce, "Anti, ni na san Allah fushi yake da ni, da na ƙarasa azumin nan da sun kira ni."

Kai, abin ya taɓa ni. Na ce mata ƙanwata tsaya tukuna, lokacin da kike kwance da zazzaɓi kin yi magana da Allah ko ba ki yi ba? Ta ce ba wata addu'ar kirki, kawai "Ubangiji ka taimake ni" take ta maimaitawa. Na ce to me kike kira addu'a in ba wannan ba? Na tuna mata Luka 18, Bafarisiyen nan, wato ɗan ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin doka, da ya tsaya a Haikali yana jera wa Allah cewa yana azumi sau biyu a mako, yana ba da zakkar duk abin da ya samu, da mai karɓar harajin da ko ɗaga ido sama bai iya ba, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai, kuma Yesu ya ce mai karɓar harajin ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah. Ta yi shiru, can ta ce amma ai azumi abu ne mai kyau. Ƙwarai kuwa, wa ya ce ba kyau? Yesu da kansa ya yi kwana 40, kuma Markus 1:35 ta nuna shi yana tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. Sai dai wurin Ubansa yake zuwa, ba kuɗin wata buƙata yake biya ba. Yaro in ya dawo gida ba ya miƙa wa babansa rasit kafin ya zauna kusa da shi.

Mun daɗe a waya, har ta ɗan yi dariya. Ban ce mata za ta samu aikin ba don ban sani ba, kuma ni na gaji da irin alkawuran da muke yi wa mutane da sunan Allah alhali bai aiko mu ba.

Da yamma na je taron tsakiyar mako. An yi waƙa, an yi addu'a da ƙarfi, ni ma na yi, ba na cikin masu cewa duk mai ɗaga murya munafuki ne, zuciya Allah ke dubawa ba ni ba. Amma ina zaune ina ta tunanin ikilisiyar Afisa a Wahayi 2, wadda Ubangiji ya yaba wa aikinta da wahalarta da jimirinta, har da yadda ta gane manzannin ƙarya, sannan ya ce yana da magana da ita don ta bar ƙaunarta ta fari. Coci mai himma fa, ba malalata ba. Da a yau ne mu da kanmu za mu ba su lambar yabo.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke auna girma. Wane ba ya fashin sujada, wance tana cikin kwamiti uku, shi ke nan sun girma. Galatiyawa 5:22-23 kuwa ƙauna ta ambata, da farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamun kai, kuma babu ɗaya a ciki da rajistar halarta za ta nuna, sai dai a tambayi waɗanda kake zaune da su a gida. A Yohanna 15 ma Yesu bai ce reshe ya yi ta yunƙuri ba, cewa ya yi ya zauna a jikin itacen inabin, 'ya'yan za su fito.

Da na dawo na tura wa ƙanwar nan tawa Zabura 103 na ce ta karanta a hankali, ko aya biyar ce, kuma ta kashe ƙirgar nan ta waya in tana sa mata fargaba. Ta amsa da cewa ba ta san ana iya kashewa ba, gobe bayan aiki za ta biyo in nuna mata.