Yadda na ɗumama fulat ɗina da wutar lantarki a Ingila

Fulat ɗin da na kama haya a Mancesta ba shi da gas ko kaɗan. Girki, ruwan wanka, ɗumama ɗaki, duk da wutar lantarki ake yi. A Ingila wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. A hunturun 2022, ko bayan da gwamnati ta sa baki ta ƙayyade farashi, yunit ɗaya na wuta yana kusan kwabo 34 na kuɗinsu, na gas kuwa kwabo 10 da 'yan kai.

Kafin in sayi hita, na zagaya shaguna na ga iri-iri: mai fanka, mai jan wuta kamar garwashi, mai ɗauke da mai a cikinta, da wata ta maƙalawa a bango da ake yi wa kirarin ba ta cin wuta, kuɗinta kuwa ɗaruruwan fam. Wani abokin karatuna injiniya ne ya warware mini zare da abawa. Ya ce duk hitar da ake jonawa a soket, yunit ɗaya na wuta yunit ɗaya na zafi take bayarwa, ko ta fam ashirin ce ko ta fam ɗari biyar. In an rubuta mata kilowat 2, kowace awa yunit biyu za ta sha. Na buga lissafi: awa biyar a rana fam 3 da kwabo 40 ke nan, a wata ya haura fam 100, ɗaki ɗaya tak. Na'urar da ta karya wannan ƙa'ida ita ce mai zuƙo ɗumi daga iskar waje, tana ba da wajen ninki uku, amma ɗan haya ba ya fasa bangon mutane ya kafa ta.

Sai na sayi mai arha, irin mai man nan. Ba ƙona man take yi ba, riƙe zafi kawai yake yi, kuma ba ta da ƙara. Abin da na dage a kai shi ne ta zo da ma'aunin da ke kashe ta in ɗaki ya yi ɗumi, da agogon kunnawa da kashewa. Na tsayar da ɗakin zama a digiri 18, wanda hukumomin lafiya na ƙasar ke cewa kada a yi ƙasa da shi, na rufe ƙofofin sauran.

Inda na fi cin riba shi ne wani tsohon akwatin ƙarfe da na tarar a falo. Cikinsa bulo ne da ke shan zafi cikin dare, ya riƙa sakinsa da rana. An yi shi ne don tsarin Economy 7, inda mita ke da farashi biyu: awa bakwai na dare wuta na da arha, sauran awoyin kuma ta fi farashin kowa tsada. Maɓalli biyu gare shi. Na farko yana ƙayyade yawan zafin da zai ɗiba, sai in duba hasashen yanayin gobe in ƙara ko in rage. Na biyu shi ke buɗe kafar da zafin ke fita, wannan nakan bar shi a rufe har sai na dawo da yamma. Duk da haka tsoho ne, yana yoyon zafi tun safe, kafin isha'i ya fara sanyi. Wanda ke yini a gida zai more shi. Mai fita tun asuba rabin kuɗinsa bango yake ɗumamawa. Tankin ruwan zafi ma na mayar da shi dare, in ba haka ba tsadar rana sai ta cinye ribar.

Bargo mai lantarki kuwa, ban ga abin da ya kai shi ba. Wat 100 ko ƙasa da haka yake ja, wato awa goma kafin ya sha yunit ɗaya. Da shi nake karatun dare, hita a kashe. Na kuma rataya labule mai kauri, na toshe ƙasan ƙofa da tsohon tawul.

Ɗakin da aka bari da sanyi yana tara laima, musamman in ana shanya a ciki, sai fumfuna ta baƙanta bango. Shi ya sa nake ɗan buɗe taga bayan wanka da girki, ko da sanyin na cizo. Kaskon gawayi irin na hunturun gida kuma kada ma a fara: tagogin nan ba sa barin iska ta ratsa, iskar gawayi mai guba ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Da na tashi sabunta haya, na nemi takardar EPC, wadda ke auna yadda gida ke riƙe zafi daga A zuwa G. Tun 2020 doka ta hana ba da hayar gidan da ya gaza E a Ingila, sai in yana da uzuri na musamman. Nawa D ne, kuma a tsakiyar bene yake, maƙwabta sama da ƙasa suna taya ni ɗumama shi, don haka na sa hannu.