Laraba, a kwazazzabon Dange

Tun bayan asuba muka kama hanyar Dange ta jihar Sakkwato ni da ɗalibaina, don mu riga rana. Mota ta ajiye mu a bakin wani kwazazzabo da ruwan damina ya zaizaye, muka gangara da ƙafa.

Daga sama marmara ce ja wur. Ƙarƙashinta laka ce ruwan ɗorawa, da ka taɓa sai ta marmashe. Sai da samarin suka sa diga suka yi haƙa sosai sannan ainihin lakar ta fito, toka-toka mai sirkin shuɗi, falle-falle kamar shafukan littafi. Laka ɗaya ce fa, iska da ruwa ne suka sauya wa ta saman kama.

A gindin teku ta kwanta, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, lokacin da wani teku marar zurfi ya ratso Sahara ya malale ƙasar Sakkwato. Wata ɗaliba ta ƙyalƙyale da dariya, wai teku a Dange! Ba a jima ba ita da kanta ta tsinci haƙorin kifi, ta yi tsit.

Na fi daɗewa kan abin da ke cikin lakar. Akwai simektait, wanda ke kumbura in ya sha ruwa, ya tsattsage in ya bushe, shi ya sa gini a kan irin wannan ƙasa ba ya rabuwa da tsaga. Akwai paligoskait, siraran zaruruwa da ido ba ya gani, waɗanda ke samuwa a ruwa mai yawan sinadarin magnesiyam. Sai fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, lafiya lau. Da iska da danshi sun same shi sai ya yi tsatsa, ya rina lakar, ya kuma saki asid. Asid ɗin ya ci bawon dodon koɗi da sauran farar ƙasa, a samu jibsam, farin dutsen nan mai ƙyalli da farce ke iya kartawa.

Mun tarar da wani dattijo yana tsintar jibsam ɗin cikin buhu. Na ce, "Baba, sannu da aiki, ina ake kai shi?" Ya ce, "Malam, masu siminti ke saye." Ya san shimfiɗar da ke ba da shi fiye da ɗalibaina duka.

Da azahar zafi ya kore mu. Mun ƙulle samfurin sama da na ƙasa a leda daban-daban, gobe a daka su a ɗakin gwaji.