Tantance tsofaffin hotunan Faransa: takarda ake fara tambaya

Robert Doisneau, Willy Ronis, Édouard Boubat, Sabine Weiss da Henri Cartier-Bresson masu ɗaukar hoto ne, aikin jarida suke yi a titunan Faris bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yara a lungu, ma'aikata, masoya a bakin titi, duk da baƙi da fari. Ana wanke hotunan ne don aika wa mujallu ta hannun dillalan hoto irin su Rapho da Magnum, ba don rataye wa a bango ba. Fim ɗaya kuwa ana iya wanke kwafi ɗari da shi cikin shekara arba'in, saboda haka abin da ke yanke farashi shi ne lokacin da aka wanke takardar da ke hannunka. Hoton sumbar nan da Doisneau ya ɗauka gaban zauren birnin Faris a 1950 ya bazu ko'ina a fosta, amma kwafin da ya ba matar da ke ciki tun lokacin, da hatiminsa a baya, an sayar da shi Yuro 155,000 a gwanjon 2005.

Sa hannu ya fi komai yaudarar sabon shiga. Wankin farko galibi ba a sa masa hannu, hatimi kawai ake bugawa. Wanda ka gani da sa hannun tawada a farin gefe, babba mai santimita 30 da 40, yawanci wankin shekarun 1970 zuwa sama ne, lokacin da kasuwar hoto ta buɗe. Na gaske ne, mai shi ya amince da shi, sai dai kuɗinsa daban.

A fara da gilashin ƙara girma mai ninki goma. Hoton azurfa na gaske, wato wanda aka wanke daga fim a kan takarda mai sinadarin azurfa, launinsa yana tafiya sumul daga baƙi zuwa fari, da ƙwayoyi a warwatse ba tsari. In ka ga ɗigo-ɗigo a jere, ko gefen layi yana da ƙananan haƙora, bugun inji ne, sau da yawa shafin da aka yanko daga littafi. Littattafan hoto na wancan zamani an buga su da kyau sosai, suna ruɗin ido.

Sai a juya a taɓa bayan. Takardar zamanin tana da zare kamar kowace takarda, tana ɗan lanƙwashewa, fensir yana kama ta. Mai santsin roba gaba da baya sai wajajen 1970 ta yaɗu, don haka hoton 1948 a kanta wankin baya ne, ba gardama.

Daga nan a kashe wuta a haska fitilar UV, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Tun tsakiyar shekarun 1950 masana'antu suka fara zuba sinadarin ƙara haske a takardar hoto, wanda ke walƙiya shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fitilar. Hoton da aka ce wankin 1947 ne in ya yi wannan walƙiya, magana ta ƙare. Amma in bai yi ba, ba a gama ba tukuna: wasu takardun baya ba a sa musu sinadarin ba, kuma yawan wanki da ruwa yana rage shi. Ga hoton 1958 kuwa gwajin ba ya raba gardama sam, nan ne mutane ke yawan yin azarɓaɓi.

Hatimi shi ne inda ya kamata a daɗe. A karanta adireshi da lambar waya harafi-harafi. Lambobin wayar Faris suna farawa da haruffa uku na sunan cibiyar wayar yankin har zuwa 1963. Sun koma lamba takwas a 1985, goma a 1996. Lambar gidan waya mai alƙaluma biyar ta fara aiki a 1972. Doisneau a Montrouge, wani gari da ke gefen Faris, yake zaune: hatimin da ya ce Montrouge tana jihar Seine ya dace da kafin 1968, lokacin da aka raba jihar, mai ɗauke da lambar gidan waya 92120 kuwa ba zai riga 1972 ba. Sai dai hatimi yana nuna lokacin da aka buga shi ne kawai. Ana iya buga sabo a kan tsohuwar takarda, ana kuma iya sassaƙa tsoho na ƙarya, don haka dole ya yi daidai da takarda da girma. Wankin jarida yawanci ƙarami ne, santimita 18 da 24.

Alamun aiki, wato layukan yanka da jan fensir, guntun takardar bayani da aka manna, hatimin ranar da mujalla ta karɓa, kada a goge su da sunan gyara. Suna rage kyau kaɗan, suna ƙara hujja da yawa. Shuɗin ƙyalli a wuraren baƙi alamar azurfa ce ta taso saboda laima da gurɓatacciyar iska; yana nuna yadda aka ajiye hoton, bai isa shaidar shekaru ba.

In kuɗin da ake magana ya yi nauyi, a nemi tarihin hannayen da hoton ya bi a rubuce, a kai wa masu adana hoto su gwada zaren takardar, sannan a tuntuɓi magada: gidan ajiyar ayyukan Doisneau yana Montrouge, gidauniyar Cartier-Bresson tana Faris tun 2003.